Zaunanniya da Saƙon Ɗan Fari

Da sunan Allah, wanda ya haɗa zaƙi da harbi a jikin halitta guda, ya ba kowace ƙasa furenta, ya ba kowane fure mai ziyartarsa. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ni ne Nomau ɗan Arzika, Sarkin Zuman Kiryawa, garin da ke can bayan Jan Dutse, inda rana ke fitowa da fushi ta kuma faɗi da fushi. Na yi tafiya har takalmana suka gaji da ni, na ga abin mamaki, na sha kunya iri-iri, amma mafi girmanta a ƙofar gidanmu na sha ta. Ga yadda aka yi.

Gidanmu gidan zuma ne tun kaka da kakanni. Akwai dajin kirya a gabas da gari, a nan muke rataye amyoyinmu, waɗanda muke saƙawa da ciyawa, mu shafe da kashin shanu, mu turara su har ƙudan zuma su shiga. An ce a zamanin kakana tuluna ake cikawa. A zamanina kuwa zumarmu ta zama abin tsiya: ƙanana, baƙaƙe, masifaffu, ga rowa. Su kori mai noma daga gonarsa, su kumbura wa jaki ido, in ka buɗe amya ka tarar da abin da bai isa a lasa wa jariri ba. Da bazara ta kankama kuma sai su tashi gaba ɗaya, su bar mana amyoyi wayam.

Amya ɗaya ce kawai ba ta ƙaura. Tana kan wata kirya da ta karkata bisa bakin kwazazzabo, wadda ko samari ba sa marmarin hawanta. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta, har aka sa mata suna Zaunanniya. In an ce wa mahaifina ya kamata a ɗebe ta, sai ya ce, "Ku bar ta, wannan ta babbar rana ce."

Ana nan sai Gagarau, Sarkin Maƙera, ya je wurin Magajin gari ya ce ga itace yana tsaye a banza yana ɗauke da amyoyin da ba kowa, alhali maƙera na tafiya nesa neman gawayi. Magaji ya yanke hukunci: idan bazara mai zuwa ta wuce ba a nuna masa amyoyi masu rai ba, ko da 'yan kaɗan ne, to dajin kirya ya zama na gatari. Mahaifina ya dawo gida ya shiga ɗaki, ko tuwo bai taɓa ba.

Ni ɗan fari ne. Kun san al'ada: bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "wancan", ni ma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin ƙanwarsa Gwaggo Lanti take bi. Ta bakinta na nemi izinin tafiya neman irin zuma na kirki, ta bakinta kuma aka ce mini Allah ya kiyaye hanya.

Na bi ayari har inda ayari ke juyawa, na ci gaba ni kaɗai, har na iso bakin wani ruwa wanda ba a hango gaɓarsa. Mutanen wurin suna ƙetare shi a cikin ɓarin ƙwarya, ƙwarya ɗaya ta ɗauki mutum da saniyarsa. A ciki na ƙetara zuwa Tsibirin Raɓa, ƙasar da ba ta san ƙishirwa ba, inda fure ke faɗuwa wani na buɗewa. Zumarsu ja ce kamar zinariya, kowace ɗaya ta kai babban yatsa, ga sanyin hali. Na ga dattawa suna hira ƙudan zuma sun lulluɓe musu gemu, na ga yarinya ta ɗauko su a tafin hannu tana yi musu waƙa.

Suka tambaye ni, "Baƙo, ku yaya taku take?"

Na tuna da 'yan baƙaƙen masifaffunmu, kunya ta rufe ni. Na ce, "Kusan haka take, sai dai ta ɗan fi duhu." Allah ya yafe mini.

Na zauna ina saƙa musu amyoyi, don saƙarmu ta fi tasu ƙarko, su kuma suka biya ni da ƙaramin gida na zuma a cikin gyanɗama, irin goran duma, da sarkinsa da bayinsa, kamar yadda muke faɗa a garinmu. Na rataya, na kama hanya ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Hanyar ta ratsa Filin Kanwa, fili fari fat, ba inuwa, ba tsuntsu. Tun da hantsi na ji kukan gyanɗama ya sauya. Na lulluɓe ta da rawanina, na yayyafa mata rabin ruwan shana, na yi duk abin da na sani. Kafin in kai tsakiyar filin ta yi tsit. Da na buɗe, sai ga su tsibi a ƙasa, ba mai motsi. Zafin da zumarmu ke fita kiwo a cikinsa shi ya kashe su tun ba su ga Kiryawa ba.

Ina tsaye ina jimami sai na hango ƙura ta taso a bayana. Dage ne, dabbar nan mai fasa amya, amma dagen wannan ƙasa ya kai maraƙi, farcensa kamar lauje. Ƙanshin zuma ya biyo. Na jefa masa gyanɗamar na ruga, ya farfasa ta ya lashe ya biyo ni. Na jefa rawani, ya yayyage ya biyo ni. Nan na gane ba namana yake so ba, kakin zuma ne da ya kama tufafina tun ina tsibiri. Na tuɓe riga da wando na cusa su can cikin wata farar ƙaya, na faɗa wani kududdufin kanwa na yi birgima har ƙanshin ya mutu. Ina kwance cikin taɓo ina kallonsa yana faɗa da ƙaya a kan wandona, har ya gaji ya tafi da shi a baki.

Na tsira da raina, amma ba da suturata ba. Haka na ƙarasa filin, fari fat da kanwa, ina riƙe da ganye gaba da baya, har na faɗo kan wata rijiya cike da mata. Wasu suka watse suna salati, sun ɗauka aljani ne. Wata mai ƙarfin hali ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Aljani ba ya jin kunya, wannan mutum ne." Ta jefo mini zanen da ta yi gammo da shi. Da zanen mace, ɗaure a ƙirji don ya ƙi zama a ƙugu, aka kai ni, ɗan Sarkin Zuman Kiryawa na wancan lokaci, gaban Magajiya Tabawa, mai mulkin Rafin Ƙishi.

Ƙasar nan tasu zafinta ya yi na garinmu, har ya ɗara. Duk da haka kowace bishiya na ɗauke da amya, kowace amya na kuka, ga mata na kai da kawo a ƙarƙashi da goyo ba wadda ke kare fuska. A wurinsu kiwon zuma aikin mata ne, Magajiya kuma ita ce uwar sana'ar. Bayan an ba ni ruwa da fura, na ba ta labarin tafiyata, ta ce in faɗi abin da ke tafe da ni.

Na gyara zanena na ce, "Ranki ya daɗe, sarki nake nema. Namiji ƙaƙƙarfa daga zumarku, in kai shi garinmu ya gyara mana iri, kamar yadda ake kawo rago daga nesa."

Wata a fadar ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi. Magajiya ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ce in biyo ta. Amyoyinsu na da murfi gaba da baya. Ta hura hayaƙin busasshen kashin shanu daga wani ɗan kasko, ta buɗe, ta zaro saƙa ɗaya a hankali, ta nuna mini dogon nan da muke kira sarki.

"Ga sarkinka, ɗana. Duba da kyau, me yake yi?"

Na duba. Yana tafe yana tsoma gindi a cikin ramukan saƙa, duk inda ya ɗaga sai ka ga ɗan farin abu kamar tsakin shinkafa.

"A garinku sarakuna ƙwai suke yi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da aka haifa a gidan zuma, na tsallake ruwa da fili ina neman namiji, ashe uwa ce.

Na daure na ce to a ba ni uwar. Ta girgiza kai. Ta nuna mini mazan, wasu ƙattai masu manyan idanu da ba sa aikin komai, ta ce sabuwar uwa sama take tashi ta sadu da mazan ƙasar da take. "In na ba ka tamu, 'ya'yanta mazanku za su aura, kafin ka ankara jikokinta sun koma irinku. Kuma tamu lokacin furenmu ta sani, da shi take lissafin haihuwarta. Ba ka ce na Tsibirin Raɓa sun mutu a hannunka ba? Bai ishe ka ba?"

Daga nan ta zaga da ni. Na ga wasu amyoyi an ɗaura musu kaba. Ta ce duk ƙarshen bazara suna bin amyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zauna ba ta ƙaura ba, ta tara, ba ta kuma kori yara ba, ita ake ɗaura wa kaba. Ba a ɗibarta sai kaɗan ta murfin baya. Daga cikinta ake yanko saƙa mai ƙwai, da 'yan aikin da ke kai, a sa a amyar da ba kowa, su kuma da sun ga ba su da uwa sai su reni wata daga ƙwan. Ta ce a zamanin kakarta zumarsu ma 'yar gudun hijira ce, a hankali aka zaɓo masu zama.

Muka zauna a inuwa, matan suka kewaye mu. Ta ce, "Ku wace amya kuke ɗiba?"

Nan na ji an zo fagena. Na ce, "Mafi nauyi mana. Mu ɗaga mu ji, wadda ta rinjayi hannu ita ce."

"Da me?"

"Da wuta. Mu kunna kara mu cusa, in sun ƙone sai mu kwashe saƙa duka. Mahaifina ba a taɓa harbinsa fiye da sau biyu a amya ɗaya ba."

"Wadda ta cika faɗa fa?"

"Wa zai kai kansa? Barinta ake yi."

"Marar nauyi?"

"Ita ma a bar ta. In ta ga dama ta tashi."

"Tun yaushe kuke haka?"

Na buɗe baki zan ce tun kaka da kakanni, sai na gane: masu albarka muke ƙonewa, mu bar masifaffu da masu ƙaura su hayayyafa. Wata daga cikin matan ta dafe baki. Ba wadda ta yi dariya a wannan karon, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina kallon zanen aro, ina ƙirga amyoyi masu albarka da na riƙe wa wuta da hannuna.

Can Magajiya ta ce a hankali, "Ba ko ɗaya da ta tsira daga hannunku?"

Na ce akwai wata a bakin kwazazzabo, ba ta taɓa ƙaura ba, hawanta ne ke da wuya.

"To me kake yi a nan, ɗana? Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba."

Na ɗan zauna har hannuna ya iya yankan saƙa da hura hayaƙi, suka ɗinka mini riga da wando, suka nuna mini hanyar da ta kauce wa Filin Kanwa. Na iso ƙasarmu damina na ƙarewa, fure ko'ina, daidai lokacin da ake raba amya. Na bi ta bakin kwazazzabo na hango Zaunanniya, ƙofarta baƙi ƙirin da masu shiga da fita. Na yi hamdala. Da zan raba ta a wannan kaka, in sake raba 'ya'yanta, da an sami abin nuna wa Magaji.

Sai dai ƙafata ta ƙi shiga gari. Na fita da sunan kawo zinariya, na dawo hannu Rabbana. Wannan ma da sauƙi. Yaya zan tsaya gaban mutumin da ban taɓa duban fuskarsa ba, in ce masa shi da ubansa da kakansa su suka lalata zumar Kiryawa? Na ratse zuwa gidan Gwaggo Lanti a bayan gari, na zayyana mata komai, na ce ta je ta ce masa kada a taɓa Zaunanniya, kada a kai mata wuta, ita ce irin.

Ta ce, "Nomau, zuwa da kai ya fi saƙo."

Na ce, "Gwaggo, da wane idon?"

Ta yafa mayafi ta fita. Abin da ya faru da saƙona a hanya, daga baya na ji shi. Gwaggo ta ga ba ta iya ɗaukar kalmar "kada" daga bakin ɗa ta kai wa uba, balle uban nan yayanta ne. Sai ta biya wurin amininsa, Baffa Jatau, ta ce, "Yaron ya dawo, yana roƙon a kula masa da Zaunanniya, hankalinsa duk yana kanta." Baffa Jatau ya ga ai ko roƙo ma ya yi nauyi tsakanin ɗan fari da mahaifi, ya je ya ce, "Arzika, wancan ya sauka lafiya. Tun da ya zo ba ya zancen komai sai Zaunanniya." Gwaggo ta dawo ta ce mini an faɗa masa, ya ce in shigo gobe da hantsi. Na ji daɗi, har na ƙara tuwo.

Da hantsi na tarar da ƙofar gidanmu an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun cika, har da Gagarau Sarkin Maƙera, ya zo ganin abin da na kawo. Tun kafin in tuɓe takalmi hancina ya ɗauki ƙaurin kaki da ya sha wuta. Na durƙusa na yi gaisuwa kaina a ƙasa, don haka hannuwan mahaifina na fara gani. Duk sun ƙuje, gawayi a farce, guiwarsa ɗaya ɗaure da tsumma. Bishiyar da samari ke tsoro, shi da tsufansa ya hau ta.

Aka ajiye ƙwarya a gabana, aka ɗauke faifai. Saƙa ce baƙa da ja, cike taf, zuma na tsiyaya, gawarwakin ƙudan zuma na yawo a kai.

Mahaifina ya ce, "Lanti, ki ce da shi ya ci. Tun yana goye nake ajiye masa ita. An ce ita yake marmari."

A duk rayuwata ban taɓa jin abin da ya fi wannan kusa da cewa yana sona ba. Dattawa suka ce madalla, Allah ya yi albarka. Na sa hannu na gutsura na kai baki, don ba a mai da kyautar uba a gaban jama'a. Wallahi ban taɓa shan zuma mai daɗinta ba.

Bayan an zagaya da ƙwarya kowa ya lasa, ta dawo gabana, mahaifina ya ce, "Lanti, tambaye shi, ina irin da ya kawo mana? Ga Sarkin Maƙera na jira."

Gwaggo ta juyo, ta ga fuskata, ta dubi ƙwaryar, sai ta saki salati a hankali. Ni kuwa na riga na hango abin da nake tsoro a gefen saƙa. Uwar Zaunanniya ce. Na tsamo ta da yatsa biyu, doguwa, fukafukanta sun ƙone, na matsa na ajiye ta a kan tabarmarsa. Ban bi ta bakin kowa ba. Na ce, "Baba, ga shi. Duk duniyar da na zaga, wannan aka ce in dawo in nema. Ita kaɗai ce mai zama, daga ƙwanta za a raba wa sauran amyoyi. Saƙon da na aiko shi ne kada a kai mata wuta."

Baffa Jatau ya sunkuyar da kai. Gagarau ya miƙe, ya sa takalmansa, ya ce a tashi lafiya, ya tafi. Ya ga abin da ya zo gani.

Mahaifina ya daɗe yana kallon abin da ke kan tabarma, ya juya tafin hannunsa ya duba. Can ya ce, "Me ya hana ka zo ka faɗa mini?"

Gwaggo ta yi wuf ta ce, "Yaya, ai kunya ce ta..."

Ya ɗaga mata hannu. "Bari, Lanti. Da shi nake magana."

Ya jira. Dattawa suka jira. Zuma na ɗiga daga yatsuna tana sauka kan tabarma, ni kuwa wuyana ya ƙi ɗaguwa, bakina ya ƙi buɗewa.

Bazara ta zo, amyoyi suka watse kamar kullum, gatari ya shiga daji tun kafin ruwan fari. Iyakar hikayata ke nan, ya ku masu sauraro, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ya sani. Ku taya ni roƙa wa Arzika gafara, wanda ya koma ga Ubangijinsa a daminar da ta biyo baya, ban ba shi amsa ba.